Ranar da Inna ta Dafa Wake da Kuran

Abu na farko da na lura da shi a gidan Kawu Bukar, wan mahaifiyata, shi ne wani akwati mai gilashi a bangon zaure, da faifai yana juyawa a cikinsa a hankali. Ranar Talata ce, ranar kasuwar Diffa, bayan damina, ina da shekara goma. Ni da Inna mun tsallako kogin Komadugu da ƙullin kayanmu saboda tashin hankalin da ya kore mu daga garinmu. Kawu ya fito, ya fara duban akwatin nan, sannan ya dube mu. Daga baya na san mita ce, kuma duk juyin faifan nan daga aljihunsa yake fita.

A garinmu na tsallake ba haka muka san wuta ba. Sai ta yi kwanaki ba ta zo ba, kuma ko ka kunna ko ba ka kunna ba, kuɗin wata ɗaya ne. Shi ya sa kowa ke barin makunni a kunne don ya san lokacin da aka kawo. Da ta zo sai gida ya rikice, mai guga ta ɗauko guga, mai girki ta jona risho. In ta ɗauke kuma, man fetur ba tsada, ƙaramin janareto ya isa. A Diffa kuwa kuran ake ce mata, kuma tsoronta ake yi. Ampul, wato ƙwan lantarki, ɗaya ne a tsakar gida, ana idar da sallar isha'i Kawu zai kashe shi da hannunsa.

Shekarar ba ta yi wa Kawu daɗi ba. Gonar tattasai gare shi a bakin kogi, injin ban ruwansa kuma da isansin ƴan ruwa-ruwa ya saba, wato man fetur na bayan fage da ake shigowa da shi cikin jarka daga wajenmu da araha. Da aka rufe hanya sai na gidan mai, shi ma da takardar izini da tsada. Nakan ga yadda yake karkata jarka ya jira ɗigon ƙarshe, ya girgiza ta kusa da kunnensa. Yakan ce, "Man nan daga ƙasarmu ake haƙo shi, amma mu ne na ƙarshen layi." Haushin nan sai ya sauka a kanmu, kamar mu muka rufe iyaka. Ƴarsa Yagana, sa'ata ce, ajinmu ɗaya a lakwal, wato makarantar boko, ita kuma ta raɗa mini suna Hajiya Janareto. Ina share tsakar gida tana bina tana kwaikwayon ƙararsa da baki.

Rannan Inna ta ga itace ya ƙare, ta ciro rishon lantarkin da ta ɗauko daga gida, ta ɗora wake tun hantsi. A ranta taimako take yi, ta rage wa gidan kuɗin itace. Da na dawo daga makaranta na ga faifan nan yana gudu har baƙin layinsa ba ya ganuwa. Na tsaya ina kallo, na san akwai matsala, amma kunya ta hana ni magana. Can sai ga Kawu daga gona, laka har gwiwa, jarka babu komai, ya baro furen tattasai na zuba don ƙishi. Ya kalli mita, ya bi waya da ido har ƙofar ɗakinmu, ya ƙwala wa Inna kira.

"Hauwa! Wake kike dafa mini da kuran? Gwamnan jiharku ne zai biya?"

"Yaya, wallahi ban sani ba. A can..."

"A can, a can! To ai da kin zauna a can. Gonata na ƙonewa ke kina ƙona mini gida. Jumma'a akwai mota zuwa Sayam, ku bi ta. A tanti ba abin jonawa."

Sayam sansani ne na ƴan gudun hijira, nesa cikin daji, ni kuwa ban daɗe da fara gane faransanci ba, har malama ta fara kiran sunana. Inna ta sauke tukunyar, waken bai ko nuna ba, ta zauna tana kallon ƙasa.

Yau abin ya juya. Na ga lokacin da mai ya fi araha a nan, jarkoki suka koma suna tsallakawa can, mutanen garinmu ne ke ƙorafin da Kawu yake yi. Kawu ya rasu, Yagana kuma in mun haɗu sai ta yi kamar ta manta. Shekara uku muka yi a ɗakinmu na gidan Kawu cikin duhu, ina karatu da hasken rana kafin magariba, kuma ni na jawo mana hakan. Domin a yammacin ranar waken nan, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na same shi yana alwala, na durƙusa na ce:

"Kawu, ka cire wayar ɗakinmu gaba ɗaya, ka riƙe rishon. Ba ma son wutar. Don Allah ka bar mu nan in gama lakwal."