Luguden da ke cikin wayata

Wani mai zuba waƙoƙi a waya, a Sabon Gari, shi ya haɗo min da kiɗan bisa kuskure. Babu murya, babu ganga. Piyano biyu ne ke maimaita abu guda, sai ɗayan ya riƙa zamewa a hankali har su rabu, can su sake haɗuwa. Daga baya na ji wai wasu Turawa ne suka ƙirƙiro irinsa tun ba a haife ni ba. Abokaina na fada, inda muke zaman hira, suka ce wayar ce ta lalace. Haushi ya sa na daina kunna wa kowa.

Rannan na tafi Jiratawa gaida Inna, yayar mahaifiyata. Tana tsintar gero kiɗan ya tashi daga aljihuna, na yi wuf zan kashe.

"Bar shi," in ji ta, ta aje faifai. "Wannan ai lugude ne. Mata biyu, turmi guda."

Tana kaɗa kai har inda piyanon ya fara zamewa, sai ta ɓata rai.

"Ɗayar ta gaji. Duk gidan ba mai karɓarta?"

Na ce haka aka tsara shi, ba ta ko dube ni ba. Sai na tuna tun rasuwar mahaifiyata, abokiyar lugudenta, Inna ita kaɗai ke daka. Ta kasa kunne har suka sake haɗuwa, sannan ta yi ajiyar zuciya.

"Sannu, ƴar'uwa," ta ce wa wayar.