Yadda Na Tona wa Inna Asiri a Agyaragu

Ana idar da sallar asuba muka bar Abuja, ni da wani abokina mai mota, don mu riga cunkoson Mararaba. Shi zai je duba gonar doyarsa a bayan Lafia, ni kuma Umma ce ta aike ni wurin yayarta, wadda muke kira Inna, a Agyaragu. Inna na fama da ciwon suga, kuma tun rasuwar mijinta abin hannunta ya ja baya, amma ko maƙwabtanta ba su sani ba. Mace ce da aka saba zuwa wurinta neman taimako, ita ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Umma ta ba ni kuɗin magani a naɗe cikin hankici, ta ce idan zan taho in tura su ƙarƙashin tabarmar Inna kamar yadda ita ta saba yi mata, kada in ce komai, kada kowa ya gani.

Ku da kuke bibiyata kun san yadda na daɗe ina cika muku baki cewa na daina yawo da takardar kuɗi, wayata ta ishe ni. A Keffi muka tsaya karyawa. Mai shayin ya rubuta lambar asusunsa a jikin kwali ya rataye, na tura masa kafin ma ƙwan ya soyu. A shagon kusa da shi kuwa kara wayar kawai na yi a jikin na'urarsu, ta yi ɗan ƙara, na ɗauki ruwana na fito ina taƙama. Abokina ya ce saura in fara biyan sadakar Juma'a da waya, na ce ai na daɗe da farawa.

A Akwanga aka fara kunyata ni. Mun sha mai a wani gidan mai, sai sabis ya ɗauke. Na kara waya, shiru. Na gwada turawa, abin sai juyawa yake yi. Motocin bayanmu suka dame mu da oda, abokina kuma aljihunsa irin nawa ne. Sai na kwance hankicin Umma na biya, kuɗin suka tafi kaf, ina ce wa kaina ai kuɗi kuɗi ne, zan mayar.

Daga nan hanya sumul. Duwatsun Nasarawa Eggon sun yi kore shar, mata sun jera doya da lemu da gyaɗa a bakin titi, kuma doyar da ake mana yanga da ita a Abuja a nan kusan rabin kuɗi take. Mun shiga Lafia rana ta take, babura da keke kowa na neman hanyar kansa. Kusa da kasuwa muka ci sakwara da miyar agushi mai kauri wadda har yanzu nake tunawa. Sabis ya dawo, kuma duk inda na waiga akwai mai POS a ƙarƙashin lema. Da na tsaya minti biyu na ciri kuɗi, da shi ke nan. Ban tsaya ba. Na ga kamar asara ce in biya ladan cirewa, kuma ba na so abokina ya samu abin tsokanata.

Ya sauke ni a ƙofar gidan Inna ya wuce gona. Na tarar da tsakar gidan cike da matan unguwa suna taya ta ɓarar agushi. Ta rame, amma ta ci ado, ta sa aka kawo min kunu, tana gaya musu cewa ɗan ƙanwarta ne, babban ma'aikaci. Muka yi hira har la'asar. Da lokacin tafiya ya yi, ga tabarma ina zaune a kai, hankici kuma ba komai a cikinsa.

Na sunkuya na tambaye ta lambar asusunta. Ta ce ba ta da shi, me za ta yi da shi? Wata daga cikin matan ta ji, ta ce ai kowa a layin ta hannun mai shagon ƙofar gida ake turo masa kuɗi. Maimakon in yi shiru in koma Lafia in ciro, sai na miƙe na fita.

Shagon a jikin katangar Inna yake, tagarsa ta baya tana kallon tsakar gidan. Mai shagon mace ce mai fara'a da babbar murya. Na ce zan tura wa Inna kuɗi, ta tambaye ni na mene ne, ni kuma da bakina na ce na maganin Inna ne. Ina turawa, wata 'yar sifika da ke kan kanta ta rangaɗa adadin da Turanci, yadda har na ƙarshen layi zai ji. Matar ta leƙa taga ta ɗaga murya da irin Hausarsu ta can: "Mama! Alat ya shigo o! Yaronka ya turo maka kuɗin magani. Ashe kana ciwo, ba ka gaya mana ba?"

Da na koma ciki, hira ta mutu. Wata ta ce, "Sannu Mama, da mun sani ai da mun haɗa maka wani abu." Inna ta yi murmushi ta ce, "Yaran yanzu ke nan." Hannunta bai daina ɓarar agushi ba, kuma ba ta ɗago ta dube ni ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk da haka ta rako ni har ƙofa, ta danƙa min ƙullin riɗi in kai wa Umma, ta sa min albarka.

A hanyar dawowa abokina ya yi ta ba ni labarin gona, ban san abin da na riƙa amsa masa ba. Ina shiga gida Umma ta tambaye ni ko saƙo ya isa. Kafin in haɗa amsa ta kira Inna, ta buɗe muryar wayar. Bayan sun gaisa sai na ji Inna tana cewa, "Na ɗaga tabarma na gani. Yaron nan akwai hankali, ko ni ban ga lokacin da ya sa ba."

Umma ta dube ni tana murna, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita. Tafiyar nan ta koya min cewa waya tana kai kuɗi ko'ina, amma ba ta san yadda ake ba babba abu a rufa masa asiri ba, kuma ni ma ashe ban sani ba. Na tona wa Inna asiri a gaban unguwarta, ita kuma ta rufa min nawa a gaban mahaifiyata. Har yau ban iya gaya wa Umma gaskiya ba.