Ɗakin Katakon Bayan Gidanmu

Wata huɗu da rasuwar maigidana yayana ya zo mini ta'aziyya daga Amurka, inda ya daɗe yana zaune a wani gari na bakin daji. Gidanmu a unguwar Barking yake, a gabashin Landan, cikin jerin gidajen nan masu manne da juna. Kowanne da ɗan filinsa a baya, sai shingen katako, bayan shingen kuma makeken filin ciyawa inda mutane ke yawo da karnuka.

Ranar da zai koma, Yaya ya fita bayan gida riƙe da kofin shayi. Ya daɗe a gaban ɗan ɗakin katakon da marigayi ya haɗa da hannunsa, jingine da shinge. Nan yake hutawa in ya taso daga tuƙin bas, ya kunna rediyo, ya yi karatunsa. Tun da aka kai shi makwancinsa ban buɗe ƙofar ba.

"Ki sa a cire wannan," in ji Yaya. "Da shi da shingen. Katako ne busasshe, ga ciyawa a bayansa."

Ya ba ni labarin yadda suke yi a can. Gobarar daji ta addabe su, har gwamnatin jiharsu takan rage wa mai gida haraji in ya gyara gidansa yadda wuta ba za ta kama shi da sauƙi ba. Shi ya tuge shuke-shuken jikin bango ya zuba tsakuwa, ya canza rufi, ya sa raga a kafofin iska saboda tartsatsi.

"Haba Yaya," na ce, "nan fa Landan ce. Shanya ma sai ta kwana uku ba ta bushe ba. Kuma wa zai rage mini haraji don na rushe ɗaki?"

"Ba don harajin na faɗa miki ba."

"Na sani. Ba zan iya ba ne kawai."

Ya dube ni, ya shanye shayinsa, bai sake tayar da maganar ba.

A shekarar aka yi zafin da ban taɓa gani ba a ƙasar nan. Makonni ba ɗigon ruwa, filin ya bushe ƙayau. Wata rana bayan azahar ina kwance a falo da fanka, na ji ana dukan ƙofa. Maƙwabciyata ce, dattijuwa 'yar Jos, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Shekara goma sha biyu bango ɗaya ne tsakaninmu. Ita ke kawo mini gwate, ni in kai mata masa ran Sallah, kuma ita ta riƙe ni a asibiti ranar da aka ce mini maigida ya cika.

"Hajiya, fito! Wuta a fili!"

"Mama, bari in ɗauko..."

"Ba abin da za ki ɗauko. Fito!"

Muka tsaya a titi tare da sauran mutanen layin, ni ko takalmi babu. Hayaƙi ya tokare sama, toka tana sauko mana a ka. Ta tsakanin gidaje na hango rufin ɗakin katakon ya kama. Bai yi minti goma ba ya zube. Daga nan iska ta juya, wutar ta bi shingen da ya raba ni da Mama, ta kama rumfar robar da ke ƙofar kicin ɗinta. Kafin 'yan kwana-kwana su ci ƙarfinta, kicin ɗin da ɗakin kwanan da ke samansa sun tafi. Ni gilashin taga ɗaya ne ya fashe mini.

Mama tana da asma. A bakin titin ta zauna tana jan numfashi da ƙyar, har motar asibiti ta ɗauke ta. Ta kwana shida.

Da na je duba ta na kasa haɗa ido da ita. Na gaya mata abin da Yaya ya ce da amsar da na ba shi, ban rage komai ba.

"Ta ɗakin katakon nan nawa wutar ta shigo miki, Mama. An gaya mini in cire shi, na ƙi."

Ta janye abin numfashin daga fuskarta. "Hajiya, ke kika kunna wutar? Da ni ce, ni ma ba zan taɓa ɗakin nan ba. Kar in sake jin wannan magana."

Ba ta dawo layinmu ba. Gidan nata na haya ne, gyaran ya ja lokaci, ɗanta ya tafi da ita wajensa a Croydon, can kudancin Landan. Ni kuma na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na sa aka gina katangar bulo, aka zuba tsakuwa inda ɗakin yake. Da magina suka tambaye ni ko akwai abin da nake so su tsince mini a cikin tokar, na ce musu ban san abin da marigayi ya bari a ciki ba. Da na gaya wa Yaya a waya, ya ce Allah ya kiyaye gaba.

Nakan je wurin Mama duk ƙarshen wata, jirgin ƙasa biyu da tram, ɗan jirgin nan mai bin titi. Hawa na uku suke, ba lif, ƙirjinta kuma ba ya barin ta sauka sai in za a kai ta coci. Zuwana na ƙarshe na same ta a bakin taga, ta rame. Ta tambaye ni su wa aka sa a gidanta, na ce wasu matasa ne, ba mu cika haɗuwa ba.

"Suna gaishe ki dai?"

Na ce suna yi. Ta gyaɗa kai, ta ce in miƙo mata ruwa.