Ramin da Gwaggo ta sa muka haƙa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Funtuwa, mu uku: ni, da mai tirela, da direban tarakta. Abin da ya fito da mu shi ne ɗakin Gwaggona, yayar mahaifina, a wani ƙauye gaba da Dayi. Ruwan sama ya ci wani kwazazzabo a bayan gidanta, kowace damina yana ƙara matsowa, bana saura taku uku ya taɓa bangon ɗakin. An yi an yi da ita ta koma ɗakin bulo da ɗanta ya gina mata, ta ce ba inda za ta. Da aka turo mini hoton wurin a waya hankalina ya tashi, na nemo hayar wata ƙaramar tarakta mai hannun haƙa a bayanta, domin a yanka wa ruwan wata hanya kafin hadari ya sake haɗowa.

Tirelar da za ta ɗauki taraktar ta yashi da taki ce, irin wadda gabanta ke ɗagawa ta juye kaya kamar tifa, akori-kura ke janta. Mai ita haifaffen Funtuwa ne, iyayensa daga kudu suka zo fatauci, amma in yana zuba Hausa ni kaina sai in riƙa tsintar sababbin kalmomi. Direban tarakta kuwa mutum ne marar yawan magana, yana kallon injinsa kamar shi ya haife shi.

Tun a wajen lodi na tafka abin da na tafka. Direban ya ce mu biya garejin maigidansa mu ɗauko ƙarafunan nan biyu da ake jinginawa tarakta ta taka ta hau. Na ce haba, garejin da ke can ƙarshen gari? Ga kara, kasuwar shanu, nan kusa, akwai tudun ƙasa da ake loda shanu a mota. Muka ja tirela da baya ta manne da tudun, tarakta ta shige salin alin, aka ɗaure da sarƙa. Dabarar tawa ce, kuma sai da na tabbatar kowa ya ji cewa tawa ce. Cikinmu ukun nan babu wanda ya tuna cewa abin da aka hau da shi sai an sauko da shi.

Ba mu kai Bakori ba tirela ta fara rawa. Da mun ɗan ƙara gudu sai ta riƙa kaɗa gindi, hagu da dama, har akori-kurar na amsawa. Ni da nake tsakiya na riƙe gwiwar mai tirela ban sani ba. Ya gangara gefen hanya, ya zagaya ya duba, ya ce nauyi ne ya taru a baya, hannun haƙan nan ba ƙaramin ƙarfe ba ne. Aka kwance sarƙa, aka matsar da tarakta gaba har ta kusa taɓa bangon tirela, aka sake ɗaurewa ta kusurwa huɗu. Daga nan ta nutsu, mu ma muka nutsu, muka ci gaba a hankali, masu babur na wuce mu suna waiwaye.

Hanyar nan da damina kallo ce. Masara ta kai ƙugu, waken suya ya rufe ƙasa, can kuma auduga ta fara ɗagowa. Ko'ina ka duba mutane ne duƙe, wasu na zuba taki, wasu na huɗa da shanu. Kwaltar ba laifi, sai dai inda ruwa ya ɓare ta, nan direban tarakta kan leƙa ta taga ya ga ko injinsa na nan.

A Malumfashi muka tsaya karyawa. Koko da zafinsa, ƙosai kuma, Allah na tuba, ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu ka san ka sa abu a baki, na ɗari biyar bai rufe tafin hannuna ba. Mai ƙosan ta ce in je in tambayo kuɗin wake kafin in yi mata tsiya. Kafin mu gama mutane sun kewaye tirela. Wani ya ce zinariya za mu haƙa, wani ya ce rijiya. Wani dattijo ya daɗe yana kallon hannun haƙan, sannan ya ce da ya samu irinsa shekara talatin da suka wuce da yanzu bayansa a miƙe yake.

Bayan Dayi muka saki kwalta muka kama hanyar ƙasa. Nan hannun haƙa ya riƙa gaisawa da rassan darbejiya, muka isa ƙauyen da ganye a kansa kamar an yi masa ado. Gwaggo na zaune a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta dubi taraktar ta ce, “Wannan ’yar abar ce za ta hana ruwa?” Na ce in Allah ya yarda. Na zagaya bayan ɗakin na ga kwazazzabon da idona, ya fi tsayina zurfi, ƙasan bangon har ya fara tsagewa. Gabas kuma ta soma duhu.

Mai tirela ya buɗe ƙofar baya, sai muka tsaya muna kallon juna. Daga bakin tirela zuwa ƙasa ya kai ƙuguna, kuma duk ƙauyen nan babu tudun lodin shanu. Direban tarakta kallona kawai ya yi, wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Shawarwari suka fara zuwa. Wani ya ce ai tirelar juyewa take, a ɗaga ta kawai tarakta ta zamo ƙasa kamar taki. Direban ya ce sai dai a juye su tare, ya hau ya zauna a kan kujerarta. Aka kawo katako biyu, mutum uku suka taka ɗaya don gwaji ya ce ƙaras. Aka ce a jera buhunan ƙasa, aka duba babu buhunan da za su isa. Komawa Funtuwa ɗauko ƙarafuna kuwa, kafin a je a dawo ruwa ya gama abin da zai yi. Na ji kunya, na ji tsoro, don in bangon nan ya faɗi yau, da injin a ƙofar gida zai faɗi, kuma saboda wayona.

Gwaggo ta sa aka kira ni. Ta ce, “Kai tun kana yaro haka kake, ka hau mangwaro sai an zo an sauko da kai. Lokacin da marigayi maigidana ya kawo injin niƙa a babbar mota, ba wanda ya gina tudu. Rami aka haƙa mai gangare, motar ta shiga da baya, bakinta ya yi daidai da ƙasa. Ku kuna da abin haƙa a hannu kuna tsaye kuna kallona.”

Direban tarakta ya yi murmushinsa na farko tun safe. Aka toshe tayoyin tirela da duwatsu, ya kunna injin yana nan a sama, ya miƙa hannun ta baya ya fara kwasar ƙasa. Inda hannun bai kai ba maza suka shiga da fartanya da shebur suka gyara gangaren. Suna yi suna tsokanata, wai an kawo musu injin da zai hutar da su, ga shi su ne suke yi masa aiki. Aka janye duwatsun, mai tirela ya ja baya a hankali, tayoyi suka nutse cikin ramin, bakin tirela ya zauna daidai da ƙasa. Tarakta ta fito kamar daga zaure, mata suka rangaɗa guɗa. Aka tura tirela ta fito daga ramin.

Daga azahar zuwa la'asar direban bai ɗaga kai ba. Ya yanka hanya daga saman gangaren ya karkatar da ita zuwa rafi, ƙasar da ya kwaso ya jibge ta a gindin bangon, mutane na bi suna dannewa da duwatsu. Tuwon da Gwaggo ta sa aka tuƙa masa a kan kujerar tarakta ya ci shi. Yana kashe inji iska ta taso.

Ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a zaure, amma Gwaggo ta tashi ta shige ɗakinta, sai na bi ta, don ba zan iya barinta ita kaɗai ba. Ta taga nake kallon jan ruwa yana gangarowa, ya zo inda ya saba bi, ya tarar an rufe, ya juya ya bi sabuwar hanya. Na ɗora tafin hannuna a bango, a bushe yake. Ta ce, “A nan kusurwar aka yaye ka. Kwana uku kana kuka, ni da marigayi muna karɓa-karɓa da kai. Shi ya sa da suka ce in fita ban kula su ba, na san za ka zo.” Hawaye suka zubo mini, ban kuma ɓoye su ba.

Da aka ɗauke muka fito, sai ga raminmu ya cika taf, agwagi har sun shiga. Loda tarakta ba zai yiwu ba sai ya tsotse. Gwaggo ta ce a bar ta ta kwana, baƙuwa ce, ta sa aka lulluɓe ta da leda da tsohuwar tabarma. Direban ya ce inda injinsa ya kwana nan zai kwana. Ni da mai tirela muka juyo da tirela ba komai a cikinta sai zabi biyu da ƙunshin daddawa, tana ta ƙara a bayanmu, shi kuma yana ta maimaita mini labarin mangwaro har Bakori.

Ana kiran magariba muka shiga Funtuwa. Tafiyar nan ta koya mini in za ka ɗora kaya mai nauyi, ka fara sanin inda za ka sauke shi, ka sa nauyin ya fi yawa a gaba, kuma in abu ya cije ka tambayi tsohuwar da ke zaune a ƙofar gida kafin ka tambayi masu tsaye. Washegari da za mu koma ɗauko tarakta, ni da kaina na fara biyawa gareji na ɗauko ƙarafunan nan biyu. Gwaggo kuwa a ɗakinta muka same ta, tana sharar gindin bango.