Mama Rose a Bencin Baya

Duk wanda ya zauna Goronyo a shekarun da aka fara sako ruwan dam cikin fadamu ya san Mama Rose, in bai san ta da ido ba to ya san ta da murya. Mutuniyar Kagoro ce, gajera, kakkaura, ga faɗa kamar an aiko ta. Mijinta Albert ta biyo lokacin ginin dam, shi birkila, ita tana dafa wa leburori shinkafa da wake. Aiki ya ƙare, baƙi suka watse, Albert ya kwanta ciwon kwana uku ya rasu, amma Rose ta ce ba inda za ta. Ta kama 'yar gonar albasa a bakin ruwa ta ci gaba da zamanta, har bakinta ya juye Sakkwatanci.

Majami'arsu ɗaki ɗaya ne na kwano, benci takwas, yawanci malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Rose ce uwar Zumuntar Mata, ita ke buga tulu in mata sun tashi waƙa, kuma tun da aka kafa majami'ar ba a taɓa raba Jibin Ubangiji, wato gurasar da masu bi ke karɓa a wajen sujada, babu hannunta a ciki ba. Wannan takan faɗe shi ko ba a tambaye ta ba. Benci na takwas, na bakin ƙofa, shi ne na masu horo. Wanda ya yi laifi dattawa su zaunar da shi can, ba waƙa a gaba, ba Jibi, sai ranar da aka kira sunansa aka ce ya dawo. In faɗi gaskiya, Rose ta raka mutane da dama zuwa bencin nan, kuma bai taɓa hana ta barci ba.

Ita kuwa nama ne ya kai ta. Maƙwabciyarta Maiturare, matar mai gyaran injin ban-ruwa, ba Babbar Sallar da za ta wuce ba ta aiko mata da cinyar rago ba, kamar yadda Rose ke aika mata shinkafa da cincin ran Kirsimeti. To a shekarar aka kawo sabon fasto, Patrick, matashi mai kirki ƙwarai, sai dai zafin wa'azi. Ya ce naman layya bai kamaci mai bi ba. Rose ta gyaɗa kai, ta koma gida ta karɓi cinyarta. Da nan ta tsaya ma da sauƙi! Sai ta yi miya da albasar gonarta ta kai taron zumunta, kowa ya ci, Fasto har da ƙari, ya lashe yatsa, sannan ya tambayi inda aka samo nama mai daɗi haka.

"Na Maiturare ne, Baba Fasto," in ji ta. "Shekara sha huɗu nike cin shi, ban ga ya hana ni addu'a ba."

Dattawa suka zauna, aka yanke mata horon wata biyu. Babbansu, Dattijo Yari, ya ja mata kunne cewa in ta sake buɗe baki a bainar jama'a, to ta yi sallama da shugabancin zumunta. Da Maiturare ta ji labari dariya ta yi har da riƙe ciki. "Ashe ragona ya jawo miki! To baɗi ki canye abinki ke ɗai."

Rose dai ba ta yi dariya ba. Abin ya ci mata rai ainun. Ta shiga majami'a ran Lahadi haɓa a sama, ta zauna a bencin baya tana huci. Rana na dukan ƙeyarta ta ƙofa, ƙarar babura ta cinye rabin wa'azi, ba abin da ke isowa sai in Fasto ya ɗaga murya ya ce, "Alheri! Ceto kyauta ne!" A gefenta akwai Christy, malamar firamare, da 'yarta Lami a cinya. Christy ce ke miƙo mata mafici, ita ke raɗa mata lambar waƙa, Rose kuwa ko kallon kirki ba ta yi mata ba, fushinta ya ishe ta.

Sai a Lahadi ta huɗu yarinyar ta sauko ta tako da ƙafarta ta haye cinyar Rose tana ja mata ɗankwali. Rose ta dube ta, ta dubi uwar, sai ta tuna. Ai ita da kanta ta kamo hannun Christy ta kawo ta bencin nan, lokacin da ciki ya fito babu aure, uban cikin kuma ya bi motar kamfani ya ɓace. Wata shida aka ce.

"Ɗiyar ga, shekararta nawa?"

"Saura kaɗan ta cika biyu, Mama."

"To mi kike yi nan har yanzu?"

"Ba a kira sunana ba."

Ashe faston da ya yi horon an canja masa gari a wata na huɗu, aka daɗe babu fasto kafin a kawo Patrick. Dattawa kowa ya ɗauka wani ya gaya wa sabon. Shi kuma Patrick ya zaci saboda rigimar yarinya take zama kusa da ƙofa. Rose ta ce don me ba ta yi magana ba. Christy ta ce, "Mai horo yana magana, Mama?"

Kunya ta kama Rose irin wadda ba ta taɓa ji ba. Shekara biyu tana gaba tana buga tulu, tana waƙar Makiyayin da ya bar tumaki tasa'in da tara ya tafi neman ɗaya, alhali ɗayar tana bayanta da benci bakwai. Ta so ta sami Fasto a gida a gyara abin cikin sirri, sai ta tuna a gaban kowa ta ja Christy zuwa bencin nan, har tana yi mata tsaki.

Ranar da wata biyun suka cika, ranar Jibi ce. Fasto ya yi murmushi ya ce 'yar'uwa Rose ta taso, ikkilisiya ta karɓe ta. Mata har sun fara guɗa. Rose ba ta motsa ba, sai ta nuna Christy.

"Ba ni tashi, Baba Fasto. Ku fara gaya min, ita wagga yaushe nata ka ƙarewa?"

Dattijo Yari ya zabura. "Rose, mun yi magana da ke!"

"Mun yi. Ku riƙe zumuntar, ku ba wadda kunka ga dama. Wata shida munka ce, ni da ku. Ku dubi ɗiyarta, da ƙafarta take tafiya."

Dattawa suka shiga kallon juna. Patrick ya tambayi Yari a hankali ko gaskiya ne, tsohon ya sunkuyar da kai. Wallahi matashin faston nan ya burge ni a ranar, don bai tsaya kiran taro ba. Ya ɗauki farantin gurasa ya sauko, ya ratsa tsakanin bencina har bakin ƙofa, idonsa jawur, ya tsaya gaban Christy.

Rose ta karɓi yarinyar don uwar ta sami hannu. Muryar nan tata da ake ji har bakin titi, ranar da ƙyar ta fito.

"Ni nik kawo ki nan, ni kuma nim mance da ke. Ki gafarta min, ɗiyata."

Christy ta miƙa hannu ta karɓi gurasar.

"Na daɗe da yafewa, Mama," ta ce. "Jira kawai nake wani ya waiwayo."