Tiya Uku na Iri a Bikin Burodi

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar kasuwa, muna bakin tashar garin Isa mu biyu, ni da yayana. A hannunsa akwai ƙaramin buhu, cikinsa tiya uku na irin gero. Akuyar matarsa muka sayar muka samo shi, domin shuka biyu ta riga ta ƙone mana a ƙauyenmu Tozai a shekarar nan ta fari.

Ranar ce masu shayi da masu tsire na garin suka haɗa bikin burodi. An jera tebura, ana tsaga burodi ana cusa ƙwai, ko tsire da yaji, ko ƙosai. Wani mutumin Nijar ya zo da dogon burodinsu mai kama da sanda. A tsakiya ga makaɗa uku da gangunan noma, waɗanda tun faɗuwar damina babu gayyar da ta kira su.

Za ni faɗi abin yadda ya zo. Na farko, ni na ce mu tsaya. Yaya ya ce hanya da nisa, na ce tun safe ruwa kawai muka sha. Muka sayi burodi ɗaya da ƙosai a ciki, muka raba.

Na biyu, ni na ɗaga wa babban makaɗin hannu. Na san shi, shekaru yana bin yaya gona-gona, lokacin da babu mai riga yayan kaiwa ƙarshen gona a gayya. Gaisuwa kawai na nufa. Sai ya gyara ganga, ya kaɗa taken yaya.

A wurinmu ba a kaɗa wa mutum takensa cikin jama'a ya wuce bai ba da komai ba. A shekarun albarka dami guda yaya ke bayarwa. Mutane suka buɗe fili, suna tauna suna kallo. Wani mai tsire ya ce, "Manomi, yau mu gani, ko hannun ma farin ya taɓa shi?"

Aka yi dariya. Na riƙe wa yaya riga, na tuna masa a kunne cewa iri ne.

Ya ce, "Sake ni. Kai ka kira shi."

Ya ajiye buhun a gaban ganga.

Na uku shi ne wanda har yau ban haɗiye ba. Kafin mu bar wurin, makaɗin ya miƙa buhun ga mai ƙosai, ta cika musu faranti da burodi. Ban ce makaɗin mugu ne ba, shi ma kumatunsa sun faɗa. Amma a gona ya tsufa, ya san abin da gero a ƙaramin buhu yake nufi a watan nan.

Bayan kwana huɗu ruwa ya sauka. Maƙwabta suka fita shuka, kuma sun ɗan samu. Yaya ya ƙi neman iri wurin kowa, tunda duk gari an ji kyautar da ya yi a Isa, ya kuma hana ni nema. Kafin kaka ya tafi kudu neman aiki. Ya dawo bayan shekara biyu, muna gaisawa, amma bai ƙara yi mini maganar gona ba har ya rasu.

Kai mai karatu, abu ɗaya nake roƙonka. In ka ga mutum ya raɓe a bayan taron kiɗa da ƙunshi a hannu, kada ka nuna shi, kada ka kira shi. Bar shi ya wuce.