Takardar Madam Mai Tambari

Ƙafata na kan keken ɗinki ina haɗa wuyan wata riga sai ga Rabi ta faɗo shagon da kayan lise, wato makarantar sakandare, a jikinta. Rabi 'yar Alhaji Sule ce, mai tsire a bakin layinmu nan Briqueterie.

"Gwaggo, rawani muke nema, da babbar riga, da zanen saƙi irin na tsofaffi."

Na ce, "Wa ya mutu ya bar muku sarauta?"

Ta ce teyatur za su yi, wato wasan kwaikwayo. Suna da kulob a makaranta, ranar Laraba da yamma suke zama bayan an tashi. Matsalar, babanta ya ce ba za ta ƙara tsayawa ba. Shi dai ya san karatu, bai san wani kulob ba. Sauran iyayen unguwa kuma shi suke kallo. In ya hana, kowa ya hana.

Lokacin ni mace ce mai mutunci, ku ji da kyau. Mijina ya rasu, ina ɗinkina, ban taɓa kwana da yunwa ba. Na yafa gyale na je wajen Alhaji Sule na ce ni zan riƙa raka yaran in dawo da su. Ya ce, "In ke ce, na yarda."

Haka na zama uwar kulob. Ni ke bi gida gida ina aro musu kaya. Wa zai hana ni? Rabon da in ji daɗi irin na shekarar nan, na manta. Ina zaune a bencin baya, Rabi ta naɗa rawani ta liƙa gemun auduga tana yi wa maza tsawa da Faransanci. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma na fi kowa dariya.

Da aka gama wasan shekara, malamarsu, Madam, ta kira ni gaban mutane ta miƙa mini takarda mai tambarin makaranta, aka yi tafi. Ban iya karatu ba, ban kuma tambayi kowa ba, don kar a raina ni. Na ɗauka takardar izinin karɓar aro ce.

Na mayar wa kowa kayansa, sai wata tasar jan ƙarfe guda ɗaya. Mai ita tsohuwa ce, ta manta. Wata biyu tana ƙarƙashin gadona. Rannan na kai ta kasuwar shanu ta Etoudi na sayar wa wani mai shanu da zai koma arewa. Ba abin da ya faru. Wannan shi ne abin da ya cuce ni, da ba abin da ya faru.

Daga nan na fara aro ba wasa. In shiga gida in buɗe takarda, in nuna tambari da yatsa in ce yaran makaranta ne suka aiko ni. Matan da nake nuna wa duk irina ne, tambarin kawai suke gani su tashi su buɗe akwati. Zannuwa, awarwaro, alkyabba, har takobin kakan wani. In an tambaya in ce ai wasan bai ƙare ba. Da unguwa ta fara gajiya da ni sai na koma unguwannin Tsinga da Elig-Edzoa.

A Tsinga asirina ya tonu. Na shiga wani gida, na baje takardata, uwar gidan ta ce bari ta kira 'yar 'yar'uwarta da ta zo hutu, ita ta iya boko. Labule ya ɗaga, sai ga Rabi.

Ta karɓa ta duba, ta dube ni. Ta ce, "Gwaggo, wannan ai ta bara ce. Godiya ce. An rubuta an gama wasa, kin kula da kayan aron mutane cikin amana."

Shekara guda cur ina yawo da shaidar amanata ina sata da ita.

Rabi ba ta yi ihu ba, uwar gidan ce ta yi. Aka kai ni komisariya wajen 'yan sanda, mata suka yi layi kowa na faɗin abin da na karɓa. Wata tara na yi a kurkuku. Ba zan ba ku labarin can ba, ƙuma da wake ne kawai.

Ku yara, ga abin da zan gaya muku. Ba yunwa ce ta sa ni ba, kar wani ɓarawo ya yi muku wannan ƙaryar. Kayan aro ne ya kwana a ɗakina ya wuce ranarsa. In kun ari abu ku mayar ranar da kuka gama da shi, ko mai shi ya manta. Kuma in ba ku san abu ba ku tambaya. Ni sai da na yi furfura na zauna a benci, wasu 'yan kulob ɗin koyar da manya suka koya mini baƙi, da shi nake rubuta muku wannan. Yanzu ina lafiya, ina ɗinkina, kayan da na iya biya na biya, wasu sun yafe, wasu har suka mutu ba sa amsa gaisuwata. Suna da gaskiya.

Ranar da na fito daga kurkuku na tarar ba 'yar unguwarmu ko ɗaya a kulob. Mutane sun ce yaran ne ke turo ni muna raba riba. Alhaji Sule ya hana Rabi, kowa ya hana tasa. Shekarar Rabi ta ƙarshe ke nan a lise.

Na bari sai ranar Laraba bayan azahar, lokacin da mutane suka cika gaban tukubarsa. Na tsaya na ɗaga murya.

"Alhaji, ni kaɗai na yi. 'Yarka ba ta ci ko allura ba. Ita ce ma ta kama ni."

Ya ci gaba da barbaɗa yaji kamar ba da shi nake ba.

Na ce, "In ba ka ji ba in sake faɗa, yau ba ni da wani aiki."

Wani mai jiran tsire ya ce, "Alhaji ka amsa mata mana, nama na ƙonewa."

Ya ajiye wuƙa ya goge hannu. Ya ce, "Ke da bakinki kin faɗa gaban mutane?"

"Na faɗa."

Ya leƙa zauren gidansa da ke nan bayan tukubar ya ƙwala wa Rabi kira ya ce ta ɗauko gyalenta. Na gyara nawa zan bi su.

Ya ce, "Ina za ki? Ni zan kai ta kulob ɗin da ƙafata. Ke zauna nan."

Ya zaro tsinke biyu ya miƙo mini. Sannan ya juya wajen mai shayin da ke gefensa ya ce, "Malam Buba, duba mini wajen nan. Ita ma kar ka ɗauke ido daga kanta."